Korau da Sanau: Shin Kyakkyawan Mulki Yana Wanke Cin Amana?

Masu iya magana kan ce tambaya rabin ilimi ce, to amma akwai irin tambayar da in ɗalibi ya jefo ta, malami kan gwammace a ce a daidai lokacin aka kaɗa ƙararrawar tashi. Irin ta ce ta same ni wata ranar Laraba, ina tsakiyar koyar da tarihin sarakunan Katsina a wata makarantar sakandare a nan ƙasar Dutsin-Ma. Na gama ba su labarin yadda Muhammadu Korau ya hau gadon sarauta ke nan, na shiga lissafa ayyukansa na alheri, sai wani yaro daga can layin baya ya ɗaga hannu. Yaron ba mai yawan magana ba ne, kuma na san cewa iyayensa sun baro ƙauyensu ta wajen Kurfi ne bayan 'yan bindiga sun kashe masa yaya a gona. Ya miƙe ya ce, "Malam, Allah ya gafarta maka, to mene ne bambancin Korau da mutanen daji? Shi ma kashe mai gida ya yi ya zauna. Ke nan su ma in sun gina masallaci shi ke nan?"

Ajin ya yi tsit. Na ce masa ya zauna, za mu dawo kan maganar. Gaskiyar lamari kuwa shi ne ba ni da amsa a lokacin, kuma wannan rubutu ƙoƙari ne na biyan bashin da yaron nan ya biyo ni.

Bari mu fara da labarin kansa, domin mai karatu wanda ba Bakatsine ba. Kafin Korau, Durɓawa ne ke sarautar wannan ƙasa, zuriyar Kumayau wanda labarin Bayajida ya ce jikansa ne. Mazauninsu na farko shi ne Durɓi ta Kusheyi, kusa da Mani, inda har yanzu tuddan kaburburansu suke. An tona wasu daga cikinsu a 1907, aka sake tonawa a 1992, aka kuwa sami kayan ƙarfe da na zinariya da hauren giwa waɗanda ke nuna cewa mutanen nan ba ƙananan masu mulki ba ne. Na ƙarshensu shi ne Sanau. Yadda tsofaffi ke ba da labari, Sanau gwanin kokawa ne wanda bayansa bai taɓa taɓa ƙasa ba, saboda wata laya da yake ɗaurawa a jikinsa. Shi kuwa Korau baƙo ne daga 'Yandoto, can kusa da Tsafe a jihar Zamfara ta yanzu. Ya zo ya sami masauki da amincin Sanau, ya ci tuwon gidansa, sannan ya bi ta hannun matar sarki har ta sace layar. Ranar da aka fito kokawa a gindin tsamiyar nan da ake kira Bawada, Korau ya ɗaga Sanau ya maka da ƙasa, ya zaro takobinsa ya yanka shi. Takobin nan shi ne Gajere, wanda ke cikin kayan sarautar Katsina.

Ruwayoyi sun bambanta a wasu wurare, haka ma lissafin shekaru. Wasu tsofaffin littattafai sun sa hawansa a 1348, amma masana na baya-bayan nan sun fi karkata ga cewa ya yi mulki ne daga wajejen 1445 zuwa 1495, wato sa'an Muhammadu Rumfa na Kano ne, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Haka kuma masana irin su marigayi Dokta Yusufu Bala Usman sun kalli labarin kokawar a matsayin hoton wani babban canji da ya auku a ƙasa, inda iko ya tashi daga hannun shugabannin dangi masu tsafin iskoki ya koma hannun sarki guda mai zama a birni, wanda fatake da malamai ke mara wa baya. Wannan bayani ya zauna daidai, kuma ina koyar da shi. To amma ba shi ne ya dami ɗalibina ba. Abin da ya dame shi shi ne labarin kamar yadda Katsinawa suka zaɓi su riƙe shi, su kuma miƙa wa 'ya'yansu: baƙo ya kashe mai masaukinsa ta hanyar yaudara, ya gaje shi, kuma ga shi muna yabonsa.

Muna kuwa da dalilin yabonsa. Korau ne ake ɗauka sarkin Katsina na farko Musulmi. A zamaninsa birnin Katsina ya kafu sosai ya zama matattarar ayarin da ke ƙetare hamada, Wangarawa da sauran malamai suka sami wurin zama, kuma da zamaninsa ake danganta masallacin Gobarau wanda hasumiyarsa ke tsaye har gobe. Ba a jima da wucewarsa ba sunan Katsina ya kai Masar, har Shaihi Jalaluddin Suyuɗi ya rubuto wa magajinsa Ibrahim Sura wasiƙar nasiha. Zuriyarsa sun riƙe ƙasar fiye da shekara 300 har zuwa jihadi, sannan suka koma suka kafa Maraɗi inda sarkinsu ke amsa sunan Sarkin Katsina. Gidaje biyu sun yi sarauta a bayansu, Dallazawa da Sulluɓawa, amma babu wanda ya canza wa fada suna. Gidan Korau ake ce mata. Duk wanda ya yi karatun allo ko na boko a wannan ƙasa yana cin wani abu daga itacen da mutumin nan ya dasa, ni ma ina ciki, shi ma yaron da ya yi tambayar yana ciki.

To, a nan gizo ke saƙa. Idan muka ce alherin da ya biyo baya ya wanke jinin Sanau, mun buɗe ƙofar da ba za mu iya rufewa ba, domin babu wani mai ƙwace da bai taɓa cewa "ku bari in shiga tukuna, za ku ga aiki" ba. Mun ji ta daga bakin sojoji a gidan rediyo tun daga 1966 har zuwa 1993. Idan kuwa muka ce bai wanke ba, sai a tambaye mu, to don me ba mu rushe Gobarau ba, don me muke alfahari da sunan Korau?

Wannan ruɗani ba mu kaɗai ya sama ba. Sa'ad da nake neman mafita na koma ga littattafan tarihin Turai da muka karanta a kwaleji, na tarar da wani labari a Faransa wanda kamanninsa da namu ya ba ni mamaki. A 987 sarkin Faransa Luwi na Biyar, na zuriyar babban sarkin nan Sharlaman, ya faɗo daga doki a wurin farauta ya mutu bai bar ɗa ba. Yana da baffa, Sharl na Loren, wanda ta fuskar jini shi ne mafi kusa da gado. Amma manyan ƙasa suka tsallake shi suka zaɓi wani ƙaƙƙarfan basarake mai suna Hugu Kafe. Sharl bai yarda ba, ya ɗauki makami ya kama birnin Lan, Hugu ya yi ta kewaye birnin ya kasa cinsa. Da ƙarfi ya gaza sai aka koma ga dabara. Bishof ɗin birnin, wani mai suna Adalbero, ya nuna ya shirya da Sharl, ya yi masa rantsuwar amana. Wani marubuci na wannan zamani ya ba da labarin cewa a wani dare cikin 991 sun ci abinci tare, Sharl ya miƙa masa ƙoƙon sha ya nemi ya sake rantsewa, ya kuwa karɓa ya sha ya rantse. Da dare ya raba, bishof ya sa aka kwashe makaman da ke kusa da shimfiɗar Sharl, ya buɗe wa mutanensa ƙofa, aka kama shi aka miƙa wa Hugu. A tsare ya ƙare rayuwarsa. Can an kwashe takubba daga gefen gado, nan an sace laya daga ƙugu, amma cin amana dai sunansa ɗaya.

Daga wannan tushe ne sarkin da Faransawa suka fi girmamawa a duk wancan zamani ya fito, wato Luwi na Tara, sarki na tara a gidan Hugu, wanda ya hau gado a 1226 yana ɗan shekara 12 ya mutu a 1270. A wurinmu Musulmi, mutumin nan mahari ne. Ya kawo yaƙi Masar, aka ci rundunarsa aka kama shi a 1250, aka tsare shi a Mansura sai da ya fanshi kansa, ya sake ɗaura wani yaƙin ya je ya mutu a bakin Tunis. Yahudawan ƙasarsa ma ba su ji daɗinsa ba, a zamaninsa aka ƙona littattafansu na Talmud a Paris a 1242. Amma ga talakawansa Kirista sarki ne mai tsananin tsoron haƙƙi. Abokinsa Juwanbil, wanda ya rubuta tarihinsa, ya ce yakan zauna a gindin wata ƙatuwar itaciya a dajin Bansan, duk mai ƙara ya zo ya faɗa masa ba tare da shamaki ba. A 1247 ya aika masu bincike lungu-lungu, da yawansu masu zuhudu ne na coci, su ji koke-koken da jama'a ke da su a kan ma'aikatan sarki, a mayar wa kowa abin da aka ƙwace masa. Kuma shi ne ya hana, a ƙasar da ke ƙarƙashinsa kai tsaye, tsohuwar al'adar nan ta raba gardama da faɗan fito-na-fito, inda wanda ya kayar da ɗan'uwansa shi ke da gaskiya. Wato dai ya sare tasu tsamiyar ta Bawada. A 1297 Paparoma ya sanya shi cikin waliyyan cocinsu.

Abin lura a nan shi ne, duk da shekara fiye da 200 da suka wuce, duk da wannan adalci da ake yabo, gidan bai daina jin ƙaiƙayin abin da ya faru a 991 ba. Kakan Luwi ya auri wata mace wadda salsalarta ke komawa ga Sharl ɗin nan da aka ci amanarsa, sai marubutan fada suka yi ta shelar cewa ai yanzu sarauta ta koma gidan Sharlaman ta hanyar jinin uwa. Shi kansa Luwi, a zamaninsa aka sake jera kaburburan sarakuna a cocin San Deni, aka sa na tsohon gida a gefe guda, na gidan Hugu a ɗaya gefen, aka sa na kakansa da na mahaifinsa a tsakiya kamar gada. Ruwa dai ba ya tsami banza. Mutumin da ya tabbata cewa kyakkyawan aiki ya riga ya wanke tushensa ba zai tsaya gyaran kushewa ba. Kuma ranar da guguwar juyin juya hali ta taso, masu shari'ar Luwi na Sha Shida da sunan Luwi Kafe suka kira shi kafin su sare masa kai a 1793, suka mayar da shi ga sunan kakansa na farko kamar wanda ake tuna wa tsohon bashi.

Yanzu mu dawo gida mu dubi hujja mafi ƙarfi da masu kare Korau za su iya kawowa, domin ba daidai ba ne in kayar da raunanan hujjoji in ce na yi kokawa. Malaman fiƙihu da dama sun yi hukuncin cewa idan mutum ya ƙwaci mulki da ƙarfi har ya tabbata a kai, a yi masa biyayya a cikin abin da ba saɓo ba. Ba don ya yi daidai suka faɗi haka ba, sai don gudun fitinar da za ta ci rayukan da suka fi wanda aka riga aka kashe. Wannan magana ce ta masu hankali waɗanda suka ga abin da yaƙin basasa ke yi wa gari. Manomin da ke bakin Karaɗuwa a zamanin Korau ba shi da wata riba a ce a yi ta zubar da jini don rama wa Sanau. Abin da yake so shi ne ya yi noma ya girbe, ya kai gero kasuwa ya dawo lafiya. Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari.

Amma a nan ne nake ganin muke haɗa abubuwa biyu da ba su kamata a haɗa ba. Tambayar "shin talaka ya bi wannan sarki?" daban, tambayar "shin wannan sarki ya kuɓuta daga haƙƙin wanda ya kashe?" daban. Ta farko maslahar masu rai ce, kuma jama'a na da ikon yanke ta. Ta biyu kuwa ba ta hannun jama'a, ba ta hannun maroƙa, ba ta hannun mu malaman tarihi. Su dai malaman da suka ce a yi biyayya, su ne kuma suka karantar da mu cewa tuba daga laifin da ke tsakanin mutum da mutum ba ya cika sai an mayar da haƙƙi ko mai shi ya yafe. Idan na saci sanka na sayar na haƙa wa gari rijiya, gari zai sha ruwa, kuma ruwan zai kashe ƙishirwa da gaske, amma kai har yanzu ba ka da sa, kuma duk garin ba su isa su yafe mini a madadinka ba. Rijiyar rijiya ce, satar kuma sata ce. Ba sai mun cike rijiyar ba kafin mu kira satar da sunanta.

Da na kai nan a tunani sai na lura da wani abu da na shekara ashirin ina koyarwa ban kula da shi ba. Wa ya adana mana labarin cin amanar nan? Ba Durɓawa ne suka ɓoye shi a daji suna raɗa wa jikokinsu ba. A fada aka adana shi. Kirarin Korau kansa yana ambatonsa da cewa baƙo ne da ya kashe mai masaukinsa, kuma a gaban magadansa ake yin kirarin. Takobin da aka yi aikin da shi ba a jefa shi rijiya ba, an ajiye shi ana miƙa wa sarki bayan sarki. Daɗin daɗawa, ba a shafe sunan gidan da aka kayar ba. Sarautar Durɓi ta ci gaba, har ta zama ɗaya daga cikin masu zaɓen sarkin Katsina, tare da Ƙaura da Galadima da 'Yanɗaka namu na nan Dutsin-Ma. Wato gidan da aka ƙwace wa gado aka ba shi baki a kan wanda zai hau gadon. Daga baya sarautar ta fita daga jinin Durɓawa, amma wani abin sha'awa shi ne Muhammadu Dikko, wanda ya hau karagar Katsina a 1906, daga kujerar Durɓi ya taso. Ba na cewa wannan ya biya jinin Sanau. Ina cewa ne mutanen dā ba su yi kamar babu bashin ba. Faransawa sun nemi su ɗinke ɓarakarsu da zaren salsala, Katsinawa kuwa sun bar tabon a fili inda kowane sabon sarki zai gan shi ranar da aka naɗa shi. A ganina namu ya fi kusa da gaskiya, ko da yake na san za a ce son kai ne na Bakatsine.

Wani zai ce duk wannan tatsuniyar shekara 500 ce. Ina ma a ce haka ne. A watan Yuli na 2022, a 'Yandoton nan dai da Korau ya fito, masarauta ta naɗa wa Ado Aleru rawanin Sarkin Fulani, mutumin da 'yan sandan jihar Katsina suka sa kuɗi a kansa tun 2020 bisa zargin kashe-kashe a ƙasar Faskari. Dalilin da aka bayar shi ne neman zaman lafiya. Ƙasa ta ɗauki zafi, gwamnatin Zamfara ta dakatar da sarkin da ya yi naɗin. A 2025 kuma ƙananan hukumomi da dama a jihar Katsina, irin su Jibiya da Batsari da Kurfi, sun zauna sulhu da mutanen daji. Ba ni da bakin da zan zargi wanda ya zauna sulhu. Ni a gari nake kwana, albashi nake ci, ban san zafin ganin damina ta wuce gonata na kwance ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan sulhu zai sa mata su je ɗiban ruwa su dawo, wannan ita ce maslahar da malaman fiƙihu suka duba, kuma jama'a na da ikon zaɓar ta.

Abin da nake jin tsoro shi ne mataki na gaba, wanda kan zo a hankali ba a lura ba. Yau a ce a ajiye makami, gobe a ce a daina tayar da maganar abin da ya wuce don kada a ɓata sulhu, jibi a wayi gari wanda aka kashe wa ɗa shi ne mai laifi saboda ya ƙi mantawa. Rawani kuwa ya wuce sulhu, shaida ce da al'umma ke yi wa mutum cewa ya isa a yi koyi da shi. Korau ya shafe shekaru kusan 50 yana gina ƙasa, zuriyarsa suka ɗora, amma duk da haka ba a share masa laifinsa daga kirari ba. Mu kuwa muna neman mu fara da naɗi kafin a ga ko bulo ɗaya, sannan mu goge sunayen matattu don kada ran mai sabon rawani ya ɓaci.

Mako na zagayowa na kira yaron bayan an tashi, muka zauna a gindin darbejiyar da ke bakin ofishin malamai. Na ce masa ta wajen shigowa babu wani bambanci tsakanin Korau da duk wani mai kisa, kuma kada ya yarda kowa ya gaya masa akwai. Na ce bambancin yana cikin abin da ya yi da shekarun da suka biyo baya, kuma wannan ya sa muke gode masa, amma godiyarmu ba yafiyar Sanau ba ce. Na ce haka nan in an yi sulhu ya koma gona, wannan ba ya nufin ya yafe jinin yayansa, yafiya tasu ce shi da iyayensa, in sun so su bayar in sun so su riƙe har gaban Allah.

Ya yi shiru yana wasa da murfin bironsa. Can ya ce, "To Malam, shi Sanau sarki ne, shi ya sa har yau ake faɗin sunansa. Yayana fa, wa zai riƙa faɗin nasa?" Na ce ya rubuto mini sunan, da sunan ƙauyen, da ranar da abin ya faru, da duk waɗanda aka kashe tare da shi. Washegari ya kawo mini takarda da ya yago daga littafin lissafi. Sunaye bakwai ne a ciki, biyu daga cikinsu tsofaffin ɗalibaina ne.